Dalilin da Ya Sa Saiwar Manta-Uwa Take Kallon Sama

Dalilin da ya sa manta-uwa take zaune a bisa itace, saiwoyinta suna kallon sama kamar ba su san inda ƙasa take ba, shi kuke so ku ji? To, ku bari in zauna tukuna. Tun hantsi kuke ja na a cikin kwarin nan, daga wannan suri zuwa wancan, wai neman naman kaza, ga gwiwoyina sun ce sun gaji da ni. Sahura, matso in dafa kafaɗarki. Lantana, daina lissafa abin da ke cikin ƙwaryar nan, ɗaga kai ki duba. Ga ta can a kan dinya, daidai inda reshe ya rabu biyu, mai furen nan rawaya da ɗigo-ɗigon ja. Kun ga fararen saiwoyin da suka yi cirko-cirko? Duk wani tsiro ƙasa yake kai saiwarsa, ita kaɗai ce ta juya baya.

A da can ba haka take ba. A ƙasa take kamar kowace ciyawa, a gindin suri, maƙwabciyar naman kaza. Ko suna ba ta da shi. A wancan zamanin tsirrai suna magana, amma ba da kowa ba, sai da wanda gajiya ta zaunar da shi har ya yi shiru.

A ƙauyen da ke saman kwarin akwai wata tsohuwa, sunanta Tabawa. Idan farkon damina ya zo, rumbuna sun yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, ita ake sa wa ido. Da an yi ruwa aka wayi gari sai ta ɗauki ƙwarya ta gangara bakin kogi, ta dawo da naman kaza, gidaje huɗu ko biyar su sami abin sa wa a miya. Ba wanda ya iya wannan aiki sai ita, domin naman kaza iri-iri ne, wani ya ƙosar da kai, wani ya kai ka kabari, kuma a ido kamar 'yan uwa ɗaya uba ɗaya.

Ita ma ba da wayonta take rarrabewa ba. Mahaifiyarta, Kubura, ita ta riƙa sa ta a gaba zuwa kwarin tun tana 'yar shekara bakwai. Kubura ta rasu shekara talatin da suka wuce, ambaliya kuma ta tafi da ɗakinta da komai, ko zane ɗaya bai rage ba. Abin da ya rage wa Tabawa na uwarta murya ce. Duk lokacin da ta sunkuya a kan naman kaza sai ta ji ta a kunne, tana cewa ɗauki wannan, ko kuwa bari, wannan laimar kwaɗi ce. Da wannan murya take ciyar da mutane, da ita kuma take hira idan kaɗaici ya dame ta. Akwai kuma doka ɗaya da Kubura ta kafa mata: duk abin da ta kawo daga daji, ita za ta fara ci, ta zauna ta jira inuwar rumbu ta matsa daga turmi zuwa bakin ƙofa. In ba ta ji komai ba, sannan ta ba wani. Shekara hamsin Tabawa ba ta taɓa karya wannan ba.

Bayan haka gidanta gidan yaye ne. Kun san yadda ake yi, idan za a cire yaro daga nono sai a kai shi wurin kaka ya yi kukansa ya gama. Jikoki goma sha ɗaya ta yaye, ban da na maƙwabta. Bayanta ya rankwafa saboda goyo, kunnenta ya gaji da kuka. Ta riga ta faɗa wa kowa ta rufe, kada a sake kawo mata ɗan kowa.

Sai ga 'yar autarta Barira, wadda take aure a hayin kogi, tafiyar kwana biyu. Ta iso da goyo a baya, ga kuma wani cikin a gaba. Yarinyar shekara ɗaya da rabi ce, lokacin yaye bai yi ba, amma cikin ya tilasta. Barira ta durƙusa ta yi ta ba da haƙuri. Tabawa ta ce ai ta ce ta rufe. Ta faɗa sau biyu, ta juya kai gefe. Sai Barira ta kwance yarinyar ta ajiye ta a kan tabarma.

To, abin da ya karya tsohuwar shi ne, yarinyar sunan Kubura aka sa mata. Shi ya sa Tabawa ba ta taɓa kama sunan da bakinta ba, Uwani take kiranta. Wa zai kira sunan uwarsa gatsal a tsakar gida? Ta dubi yarinyar, ta yi ajiyar zuciya.

"Bar ta," in ji ta. "Ita ce ta ƙarshe. Ki dawo bayan Juma'a biyu."

Barira ta jira yarinyar ta shagala da 'yan tsaki, ta sulale ta fita tana share ido.

Tabawa ta san kukan yaye kamar yadda ta san tafin hannunta. Kwana biyu ana ihu, na uku a karɓi kunu, na huɗu a fara wasa. Uwani ba ta bi wannan hanya ba. Aka ba ta kunu ta tofar, aka dama fura ta ture. Aka karɓo rubutu wurin malam, ta datse baki ya zube a ƙirjinta. Kullum idonta a ƙofar da uwarta ta fita. A rana ta biyar kukan ya daina fita sosai, sai wani siririn sauti, idanun sun zurma, fatar hannu in an ja ba ta komawa. A aika wa Barira kwana biyu ne zuwa, biyu dawowa, ga kogi ya kawo. Tabawa ta ji tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba a duk yaran da ta riƙe.

Ta ce bari ta gwada romon naman kaza, ko Allah zai sa a karɓa. Ta goya Uwani, ta ɗauki ƙwarya da sanda, ta kama gangara. Daren jiya an yi ruwa, hanya ta yi santsi, ciyawa ta jiƙa mata zane har ƙugu. Ta bi bakin kogi tana leƙa gindin suri, tana ɗaga ruɓaɓɓun itatuwa da sanda. Muryar uwarta tana tare da ita: bari wannan, bari wancan ma, ɗauki na gefen dutsen. Sau biyu ƙafarta tana zamewa. Yarinyar a baya ba ta da nauyi ko kaɗan, kuma rashin nauyin nan shi ya fi gajiyar da ita. Rana ta take, guda shida kawai ta samu. Ta iso wani babban suri, ƙafafunta suka ƙi ci gaba, ta zube a gindinsa.

"Na gaji," in ji ta. Ba da kowa take ba.

Sai ta ji an ce, "Na ga alama."

Ta waiga, ba kowa, sai wata ciyawa mai kara kamar ƙaramin rake da fure rawaya. Ciyawar ta ce shekara da shekaru tana ganin Tabawa tana zuwa, tana gaisawa da naman kaza, ita kuwa a tsallake ta kamar ba halitta ba. Ta ce abin yana ci mata rai. Ta kuma ce ta san ciwon yarinyar nan, ba na ciki ba ne, kewar uwa ce, kuma tana da maganinsa. A karya kara ɗaya a jikinta, a daka, a tace a cikin kunu. Yarinya za ta manta da uwar da nonon gaba ɗaya, ta ci abinci. Tabawa ta tambaya me za ta biya. Ciyawar ta ce ba ta son komai sai a san da ita, a sa mata suna, mata su riƙa zuwa nemanta kamar yadda ake neman maƙwabcinta.

Tabawa ta ce, to in uwar ta dawo fa?

"Uwarta tana da rai," in ji ciyawar. "Za ta dawo, yarinya ta sake koyon ta kamar yadda ta koye ta da fari. Amma ke kada ki ɗanɗana. Taki ba za ta dawo ta tuna miki ba."

 Tabawa ta karya kara biyu, ta sa a ƙwarya, ta dafa sanda ta miƙe. Hawan gangaren nan ya ɗauke ta har la'asar.

A gida ta daka kara ɗaya, ta tace, ta dama kunu. Ta kwantar da Uwani a cinya, ta ɗebo a ludayi, ta kai bakin yarinyar. Sai muryar ta ce, kin ɗanɗana?

Hannunta ya tsaya. Lantana, na ga bakinki yana motsi, za ki ce ta ba kaza ta gani. Ta ba. Kaza ta sha ta tafi tononta. Amma Tabawa ta sha ganin abin da akuya take ci ta yi ƙiba, mutum ya ci a wanke shi. Za ki ce ta kira wata mai uwa da rai ta ɗanɗana mata. Wa za ta kira? Ta ce wa 'yar mutane zo ki gwada mini ko guba ce? Ciyawa ce da ba wanda ya taɓa sa ta a baki, shaidarta kawai abin da ta faɗa a kan kanta, kuma mai son a san da ita zai iya faɗin komai. In ta ba yarinya haka, abin ya zama guba, to da hannunta ta kashe jikarta. In ta sha, ta rasa uwarta karo na biyu, kuma wannan karon ko kewa ba za a bar mata ba.

Ta ajiye ludayin. Ta dubi Uwani, ta fara ba ta labarin Kubura da sauri-sauri, kamar mai kwashe shanya hadari ya taso. Ta ce mata tana da wushirya, tana ɗingishi da ƙafar hagu tun da ta faɗo daga kan ɗorawa, ba ta son kuɓewa, in za ta yi dariya sai ta rufe baki da bayan hannu. Ta faɗa mata ranar da Kubura ta mare ta don ta ɗauko jan naman kaza, sannan ta goya ta har gida tana kuka ita ma. Yarinyar tana kwance ido rabi a rufe, ba ta san ana yi ba. Tabawa ta san ba ta ji. Ta dai faɗa.

Sannan ta ɗaga ƙwaryar ta kurɓa sau uku, yadda aka koya mata.

Ta zauna tana kallon inuwar rumbu. Muryar tana nan tana yi mata 'yan maganganun da ta saba, ta gyara wa yarinya wuya, ta kori ƙudan nan. Inuwa ta bar turmi. Muryar ta fara nisa, kamar mai magana daga bayan danga. Cikin Tabawa bai murɗa ba, idonta bai juya ba. Da inuwa ta taɓa bakin ƙofa sai ta ji an ce a hankali, to, ba ta. Daga wannan ba ta sake jin komai ba.

Ta ɗura wa Uwani ludayi ɗaya da ƙyar. Na biyu yarinyar ta haɗiye da kanta. Na uku ta kama ludayin da hannu biyu. Ta yi barci, ta tashi ta sha romon naman kazan nan shida, washegari ta ci tuwo. Kafin mako ya zagayo tana bin 'yan tsaki da rarrafe da gudu, ko kallon ƙofa ba ta yi.

Da Juma'a biyu suka cika Barira ta dawo. Mata maƙwabta suka shigo yi mata sannu da hanya, tsakar gida ta cika. Yarinyar ta ga baƙuwa, ta ɓuya a bayan turmi. Tabawa ta leƙa ta ce, "Kubura, fito ki gai da uwarki."

 Wata tsohuwa da ta san marigayiyar ta saki baki tana kallo.

"Inna," in ji Barira, murya ƙasa-ƙasa, "sunan Kaka fa kika kama."

"Wace kakar?"

Barira ta yi ta ba ta labari. Tabawa tana saurare tana gyaɗa kai, kamar ana ba ta labarin matar wani gari. Ta yarda an haife ta, ai kowa haihuwarsa aka yi. Amma ta duba cikin ranta ba fuska, ba murya, ba komai. Kafin magariba kuwa Uwani ta hau cinyar Barira tana wasa da 'yan kunnenta. Ciyawar ba ta yi ƙarya ba ko a ɗaya.

Bayan kwana biyu aka yi ruwa, Tabawa ta ɗauki ƙwarya ta gangara kamar yadda ta saba. Naman kaza ya fito ko'ina, fari da ja da ruwan toka, kwarin ya cika. Ta sunkuya a kan na farko ta jira. Shiru. Ta matsa kan na biyu. Duk iri ɗaya suke a idonta. Ba ta taɓa koya wa Barira ba, yarinyar ba ta son shiga raɓa, kullum ana cewa sai damina mai zuwa. Kuma ko da ta so koyarwa, ita kanta muryar take ji ta ɗauka. Ta yi ta yawo har ƙafa ta ɗauke, ta zo ta zauna a gindin surin nan da ƙwarya wayam.

Ciyawar tana ta murna. Ta ce labari ya iso mata, har an sa mata suna manta-uwa, jiya ma mata biyu sun zo suna dube-dube ba su gane ta ba. Ta ce Tabawa ta nuna musu.

Tabawa ta yi tunanin matan nan. Ta san su. Kakanni ne irinta, gajiyayyu, kowace da ɗan yaye yana tsala ihu a baya. Kuma ba kakar da za ta sa abu a bakin jika ba ta taɓa da harshe ba, ko don ta ji zafi ko sanyi. Hannu ne yake yi kafin mutum ya tuna. In ciyawar nan tana nan a ƙasa, inda duk mai wucewa zai miƙa hannu ya karya, shekara kaɗan za a wayi gari ba tsohuwar da ta san wadda ta haife ta.

Ta sa sanda ta fara tono. Ciyawar ta tambaya me take yi. Tabawa ta ce ba za ta ƙone ta ba, domin ta ceci rai, kuma wani yaron zai buƙace ta. Amma za ta ɗora ta inda sai an sha wuya, sai an nemo gora ko an roƙi mai hawa, yadda kafin a kai gare ta mutum ya sami lokacin tunani.

"Ƙasa uwata ce," in ji ciyawar. "Ita nake sha. In kin raba ni da ita yaya zan yi?"

"Za ki saba," in ji Tabawa. "Yaye ne."

Ba da fushi ta faɗa ba, ba ta da sauran ƙarfin fushi. Ta saro gora, ta saƙala ciyawar a kai, ta ɗaga da ƙyar ta cusa ta a tsakanin rassan wata dinya.

Ciyawar ta yi ta kuka. Ta zuro saiwoyinta ƙasa iyakar tsawonsu, ba su kai ko rabin gindin itacen ba. Tabawa tana zuwa kwarin kullum, ita ma ba ta san me take zuwa yi ba, kuma tun daga saman gangara take jiyo kukan. Kwana biyu, ta ce zai wuce. Kwana huɗu bai wuce ba. A na shida ya koma siririn sautin nan da ta sani, ganyen ya fara yaushi. Ta toshe kunne ta koma gida, ta zauna, ta kasa cin abinci. Mace ce da ta yi rantsuwa ta gama da kukan yaye, ga shi ta ƙirƙiro wani da hannunta.

A rana ta bakwai ta ɗauko karan nan na biyu da ya rage, ta daka, ta tace. Ta ɗaure ludayi a bakin gora, ta gangara, ta ɗaga hannuwa, ta tsiyaye ruwan a kan saiwoyin. Ta zauna a gindin dinyar tana haki.

Kukan ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya tsaya. Saiwoyin da suke lilo suna neman ƙasa suka tsaya cak, sannan suka fara lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya suna komawa sama, inda raɓa da busasshen ganye suke faɗowa. Can sai ciyawar ta leƙo ta ga tsohuwa a zaune.

"Baiwar Allah," in ji ta, "me ya sa kike hawaye?"

Tabawa ta shafa fuskarta, ta dubi hannun ya jiƙe.

"Ban sani ba," in ji ta.

Tabawa ta ƙara damina tara a duniya bayan wannan. Uwani ta girma ta yi aure ta haifi nata. Sanin naman kaza kuwa ya tafi, tun daga lokacin mutanenmu suke tsallake shi, mai kyau da mugu duk mu ce na kwaɗi ne, ni kaina da furfurar nan ba zan iya nuna muku wanda ake ci ba, na cikin ƙwaryar nan ma zubarwa za ku yi. Shi ya sa har yau ba za ku taɓa samun manta-uwa a ƙasa ba, sai a bisa itace, can inda hannu ba ya kai. Ƙasar da ta haife ta tana nan a ƙarƙashinta, taku kaɗan ne tsakaninsu, amma ko saiwa ɗaya ba ta miƙo mata.